Kafin a Sauke Giyabos, a Saurari Kukan Motar

Gaisuwa ta musamman ga direbobi da yaran mota da makanikai na Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, har su Gidan Waya da Godogodo da Gwantu, da duk wanda abincin gidansa ke fitowa daga kan titi. Sharhinmu na yau a kan kukan da ke tasowa daga ƙarƙashin motar ɗaukar kaya mai giyar atomatik ne, da irin gaggawar da ake yi a garejinmu wajen ɗora wa giyabos laifi.

Ga yadda abin ke yawan faruwa. Direba ya shigo gareji ya ce, "Oga, motar nan tana kuka." Makanike ya ce, "Atomatik ce?" Ya ce e. "To ai giya ce. A sauke, a nemo ɗan Beljiyam." Shi ke nan magana ta ƙare. Ba a hau motar an zaga ba, ba a zaro geji an dubi mai ba, ba a tambayi direba yaushe kukan ke zuwa, yaushe yake ɗaukewa ba. Sai a buga waya Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. Mai mota ya ci bashi ko ya sayar da amfanin gonarsa, a ɗora wani giyabos, a tada mota, a ji kukan yana nan inda aka bar shi, domin tun farko ba daga can yake fitowa ba. Wannan abu yana ci mini rai. Tun da cuta ta afka wa citta a daminar 2023, daga Kachia zuwa Jaba da Kagarko da Jema'a, kuɗi ya yi wuyar kamawa a yankin nan, kuma mutumin da ke da a-kori-kura ɗaya tak ba shi da rarar da zai zubar a kan cinke.

Ban ce makanikanmu ba su san aiki ba. Akwai dattawa a yankin nan da za su warware giyabos ɗin Fijo 504 su mayar da shi ba tare da kusa ɗaya ta yi saura ba. A kan irin waɗannan motoci suka taso, tun da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, da su Bedford da Marsandi 911, kuma dukkansu kuloci ne da sandar giya. Ita atomatik tsohuwa ce a duniya, tun 1939 kamfanin General Motors ya fito da ita a Amurka, amma ba ta cika titunanmu ba sai da gwanjon motocin Amurka ya kwararo ta Kwatano da Legas: Tacoma, Tundra, Frontier, F-150, da Sienna wadda ake cire wa kujeru a labta mata buhuna, sai kuma Hilux ɗin da hukumomi da kamfanoni ke yin gwanjonsu. Motocin sun riga ilminsu isowa. Abin da mutum bai saba buɗewa ba, tsoronsa yake ji, shi ya sa musanyawa ta fi masa sauƙi a kan bincike.

A giyar maniwal, ƙafar direba da hannunsa ne ke aiki, man giya shafawa kawai yake yi. A atomatik kuwa man ne ke ɗauke da aikin kacokan. Tsakanin inji da giyabos akwai wani kewayayyen ƙarfe rufaffe da makanikai ke kira konbata, cike da mai, da farfela biyu a ciki suna fuskantar juna. Inji ya juya ta farko, ta watsa mai da ƙarfi, man ya juya ta biyu, ita kuma ta miƙa ƙarfin cikin giya. Bayan konbata akwai famfo, wanda shi ma inji ke juyawa. Shi ke tura mai ta ƙananan hanyoyi ya matse faya-fayan kuloci, waɗanda ake ce wa faiba, su kama su saki, giya ta canza. Man nan dai shi ke shafe boris da haƙoran giya, shi ke kwashe zafi ya kai lagireto ya huce ya dawo. In man ya ragu, ko ya ƙone, ko aka zuba wanda ba nasa ba, duk waɗannan ayyuka ne ke samun matsala lokaci guda.

Ƙasarmu kuma ba ta raga wa wannan mai. Kafanchan ba ta kai mita 800 sama da teku ba, Jos ta haura 1,200. Ko ka bi ta Kagoro da Manchok ka haura Ganawuri zuwa Vom, ko ka bi ta Gidan Waya ka fita Fores ka tunkari Hawan Kibo, hawa ne dai ke gabanka, ga lodin doya ko masara ko gawayi wanda sau da yawa ya ninka abin da aka ƙera motar ta ɗauka. A irin wannan hawa da nauyi, farfelar farko ta konbata tana gudu, ta biyu tana jan jiki, kuma bambancin da ke tsakaninsu zafi yake zama. Man atomatik ya fi son zafin da bai wuce digiri 80 da 'yan kai ba. Ƙa'idar da masana harkar ke yawan kawowa ita ce, duk ƙarin digiri 10 ko makamancinsa a kan wannan, rabin ƙarkon man ne ke tafiya, in ya haura 120 kuwa ya fara ƙonewa, robobin da ke tare mai su sandare. Da damina ga hanyoyin gona. Mota ta kafe a laka, direba ya yi ta buga ta gaba da ribas yana taka totur, cikin 'yan mintuna ya dafa man da ya kamata ya yi shekaru.

To, in kuka ya fito, me ya kamata a yi? Abu na farko ba sifana yake buƙata ba, kunne ne da haƙuri. A gano abin da kukan yake bi. Gudun inji yake bi, ko gudun taya, ko kuwa sai an shiga wata giya ta musamman yake bayyana? Amsar wannan ita ke raba gyaran 'yan dubbai da na ɗaruruwan dubbai.

A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu, a bar ta a P, a taka totur a hankali. In aka ji wani siririn kuka, wiiii, yana hawa in inji ya hau, yana sauka in ya sauka, alhali motar ba ta motsa ba, to taya da aksul da doguwar farfelar ƙarƙashin mota sun fita daga zargi. Amma kada a yi saurin cewa giya ce. A murza sitiyari hagu da dama. In kukan ya canza, famfon sitiyari ne. A saurari altaneta da fambel, su ma suna irin wannan kuka. Dogon sukudireba, baki a jikin ƙarfe, ƙota a kunne, yana nuna inda ƙara ta fi ƙarfi, a dai yi nesa da fanka da bel. In bincike ya kai ga gaban giyabos, famfon mai ne ke kuka, kuma galibi ba don ya lalace ba, don yana zuƙar iska ne a madadin mai. Ko man ya yi ƙasa, ko filta ta toshe. Toshewar filta tana da wata alama da direbobi da yawa sun gani ba su gane ba: mota ta tashi lafiya da safe, ta yi 'yan kilomitoci tana kuka, sai ta daina ja gaba ɗaya, a kashe ta na ɗan lokaci, a tada, ta sake tafiya. Dattin da ya manne wa filta ne ya sauka da aka kashe inji, ya sake taruwa da aka tada. Wannan ba ya buƙatar sauke giyabos kafin a duba, kaskon ƙasa kawai za a kwance.

In kuwa shiru ake ji a P da N, amma da zarar an taka birki an sa D sai a ji gurnani ko gurza, a mayar N ya ɗauke, to hankali ya koma kan konbata. Dalili shi ne, a N farfelun nan biyu tare suke juyawa, amma a D da birki a take, ta biyu a tsaye take cak ta farko tana gudu, a nan ne boris ɗin da ke tsakaninsu ke shan aiki, in ya ci sai ya yi ƙara.

Akwai wani kuka da ya jawo an buɗe injuna masu lafiya ba adadi. Ƙas-ƙas-ƙas ne daga mahaɗar inji da giyabos, ya fi fitowa a sulo, yakan canza in an sa giya. Da an ji sai a ce inji ya buga. Sau da yawa wani farantin ƙarfe ne mara kauri da ke haɗa inji da konbata ya tsage a kewayen kusoshinsa, ko kusoshin konbata suka saki. Akwai ɗan murfi a ƙasa, a cire a haska tocila, a juya inji da hannu a duba. Abin lura a nan, wannan farantin ya fi tsagewa a motar da aka taɓa sauke wa giyabos aka mayar ba tare da 'yan ƙarafan nan biyu masu daidaita shi da inji ba. Wato gyaran gaggawa na bara shi ke haifar da kukan bana.

Yanzu a hau titi, makanike a gefen direba. A sami miƙaƙƙiyar hanya, a riƙe gudun kilomita 60 a D, a saurara. Sai a sauko da sanda zuwa 3, ko a danna maɓallin O/D, ba tare da canza gudun motar ba. Inji zai ɗaga murya. In kukan ya ɗaga tare da shi, inji yake bi. In ya tsaya yadda yake, gudun taya yake bi, kuma a nan ne mafi yawan kukan da ake ɗora wa giya yake ɓuya. Boris ɗin taya yana gurnani, wuuu, kuma yana canza murya in an ɗan karkata sitiyari hagu ko dama, saboda nauyi ya koma gefe guda. Aksul na baya yana kuka in an taka totur ya yi shiru in an saki, ko akasin haka. Boris ɗin tsakiyar farfela yana gurnani daidai ƙarƙashin kujera. Tayar da ta ci gefe ɗaya ita ma tana da nata. Hanyoyinmu masu ramuka da lodin da ya wuce kima su ne ke cin waɗannan kayan, kuma ba ɗayansu da ke cikin giyabos.

Haka ma ƙarar ƙwam ɗin nan da ake ji in an sa D ko ribas. Direba yakan ji ta a ƙashin bayansa ya ce giya ta tafi. A kashe inji, a sa weji gaba da bayan taya, a sa N, a shiga ƙasa a kama farfela a murɗa ta da hannu. In tana kaɗawa a wurin kuros, ko ana ganin jan ƙurar tsatsa a bakinsa, ga mai laifi nan. A duba robobin sitin inji da na giya ko sun yage. A duba ko sulo ya yi sama. Masu Hilux da ire-irenta kuma, in kun sa giyar taya huɗu kun fito daga laka, ku cire ta da kun hau kwalta. Barin ta a busasshen titi yana ɗaure farfelu, motar ta riƙa turjewa tana ƙara a kwana. Ina roƙon yaran gareji, don girman Allah, kada a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, kada kuma a shiga inji yana aiki mota tana cikin giya.

Wani lokaci kuma ba ƙara ba ce, karkarwa ce, tsakanin kilomita 60 da 80, totur a take kaɗan. A wannan gudu akwai kuloci a cikin konbata da ke kulle farfelun biyu wuri guda don a rage shan mai. In man giya ya tsufa ko ba nasa ba ne, kulocin sai ya riƙa kamawa yana suɓucewa. A yawancin motoci, in aka riƙe totur aka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, kulocin yakan saki, in karkarwar ta ɗauke nan take an gano wurin. Sai dai fulogi ko koyil mai rauni ma yana kawo irin wannan, kuma a nan kwamfuta take da amfani. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin da ake jona na'urar bincike. Lambar P0741 tana nuni ga kulocin konbata, P0300 kuwa inji ne ke tsallake wuta. Amma kwamfuta ba ta jin kukan boris, ba ta ganin kuros da ya ci. Wanda ya jona na'ura bai ga lamba ba ya ce mota lafiyarta ƙalau, bai gama aiki ba.

Yaushe ne kuma giyabos ɗin ne da gaske? In kukan yana fitowa a giya ta ɗaya da ta biyu da ribas, ya ɗauke in ta shiga giyar da inji da farfela ke gudu ɗaya, wato ta uku a mai giya huɗu, to haƙoran ciki ne. In inji yana ruri mota ba ta ja, ko ana sa D da safe a jira kafin ta kama, faiba ko robobin ciki sun gaji. Ko a nan ma, kasko za a fara kwancewa. Akwai maganaɗisu a cikinsa. Laushin toka-toka a jikinsa ba abin tsoro ba ne, kowace giya tana yi. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko na jan ƙarfe, ko baƙaƙen gutsattsarin faiba, su ne shaidar da za a nuna wa mai mota ya gani da idonsa kafin a ce masa ya nemo kuɗi.

Bari in daɗe kaɗan a kan man, don daga nan yawancin ɓarnar ke farawa. A mafi yawan waɗannan motoci ana duba shi ne inji ya yi zafi yana aiki, a wuri shimfiɗaɗɗe, bayan an zagaya sanda ta kowace giya an dawo P. Honda kan so a kashe inji tukuna. Sababbin motoci da yawa ba su da geji sam, ta wata kusa a ƙasa ake auna su a wani zafi na musamman, wannan sai wanda ya san aikin. A ɗiga man a farar takarda. Ja mai haske lafiya ne, ruwan ƙasa ya tsufa, baƙi mai ƙauri ya ƙone. In yana kumfa, ko ya yi ƙasa ko an cika shi fiye da ƙima, duka biyun suna sa famfo kuka. In kuwa ya koma kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, ruwa ya shiga, a kashe mota nan take. Ruwan kan shiga ta ɗan bututun numfashin giyabos in an ratsa rafi da damina, ko ta lagireto in bututun man da ke cikinsa ya huje. Ruwan rijiya da muke ɗura wa lagireto a madadin ruwan sanyaya inji yana cin wannan bututu da tsatsa. Masu Nissan Frontier da Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 su ƙara sa ido, domin an san su da wannan matsala a Amurka, har kamfanin ya tsawaita garantin lagiretonsu.

Maganar da nake so ta fita daga bakin masu sayar da mai ita ce wai jan mai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Akwai Dexron, akwai Mercon na Ford, Toyota tana da T-IV tana da WS, giyar CVT kuma nata daban ne, in aka zuba mata na gama-gari an gama da ita. Sunan man yana rubuce a jikin geji ko a littafin mota. A saye shi a rufe a wurin da aka amince da shi, a guji na awo a kwalba. Ga motar da ke hawa da lodi irin namu, shawarata kada a wuce kilomita 50,000 ba a canza mai da filta ba, kuma wanda ya sa wa motarsa ƙarin ɗan lagireton man giya a gaba bai yi asarar kuɗi ba.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wata ɗabi'a ta ƙaru, ta sakin mota a firi a gangara don a tsimi mai. 'Yan uwana direbobi, ku bari. Motar zamani mai injekta, in tana gangara cikin giya ƙafa ba ta kan totur, ita da kanta take yanke fetur, a firi kuwa sai ta sha na sulo. Ga shi an bar birki shi kaɗai da nauyin lodi har ya yi zafi ya daina kamawa, sannan a maka ta D tana cikin gudu, faiba ta sha duka. Mai kashe inji ɗungurungum ya fi kowa ganganci, don famfon giya ya tsaya, ƙarfin birki da na sitiyari sun tafi. Lambobin nan 2 da L da ke jikin sanda don gangara da hawa aka yi su. A sauko da giya tun daga saman Hawan Kibo, kafin mota ta ɗauki gudu.

Manyan motoci kuwa, tirela da tifa, yawancin na hanyoyinmu maniwal ne. Sababbin Actros da Volvo da ba su da fedar kuloci, cikinsu giyar maniwal ce da kuloci na gaske, kwamfuta da iska ke canzawa. In irinsu ta yi ta huci tana ƙin shiga giya, a fara da gejin iska da bututunta.

In an bi duk wannan, shaida ta tabbata sai an canza giyabos, to a yi shi da kyau. A tabbatar lambar ɗan Beljiyam ɗin ta dace da motar. A wanke bututun mai da hanyarsa ta cikin lagireto, kada a mayar da tsohuwar konbata, domin ɓarɓashin da ya kashe na farko yana maƙale a cikinsu yana jiran na biyu. Kai kuma direba, taimaki makanikenka: ɗauki kukan a waya, ka riƙe ko da sanyi yake zuwa ko da zafi, da lodi ko wayam, a hawa ko a gangara. Makaniken da ya ce maka, "Maigida, mu zaga tukuna in ji da kunnena," riƙe shi da kyau.

In kuma a hanya ne ka ji gurzar ƙarfe da ƙarfe, ko ƙaurin mai ya cika mota, ko ka ga jan mai yana zuba, ka yi kiliya ka kashe inji, kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gari. Atomatik ba ta tashi da turi. In za a ja ta da igiya ko janwe tayoyin baya suna ƙasa, a kwance farfela tukuna, domin in inji ba ya aiki famfo ba ya kai mai, kuma jan ta haka daga Godogodo zuwa Kafanchan yana iya ƙone giyar da filta kawai take buƙata.